Zauren Tambayoyi: Kalmomin Ingilishi a Fagen Wasa

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga masu buga Scrabble ne, wato wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa a kan allo, a fadodi da makarantun Maraɗi, waɗanda suka saba da na Faransanci suke son gwada na Ingilishi. Akwai kuma masu fama da Wordle a waya, da masu wasan cike gidaje. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. A fadarmu muna da Scrabble, amma na Faransanci ne. Wasu daga cikinmu suna zuwa Katsina da Kano kasuwanci, suna son Ingilishi ya zauna musu, shi ya sa muke son mu riƙa bugawa da shi. Za mu iya amfani da kayanmu haka nan?
Wani matashi, unguwar Zariya

Amsa: Allon dai ɗaya ne, gida 15 a tsaye 15 a kwance, kuma gidajen ninkin maki suna wuri guda. Matsalar tana cikin jakar haruffa. Ta Faransanci ƙwaya 102 ce, ta Ingilishi 100, kuma an raba makin kowane harafi ne gwargwadon ƙarancinsa a harshen. A Faransanci K da W da Y ba su cika fitowa ba, don haka kowannensu maki 10 ne. A Ingilishi kuwa haruffan yau da kullum ne. Kalmar WHY maki 12 ce, amma da ƙwayoyinku za ta ba da 24, sai wasan ya koma na wanda ya yi sa'ar zaro W.

Gyaran ba shi da wuya. Ku cire ƙwaya tara daga jaka: E uku, S biyu, U biyu, L ɗaya, M ɗaya. Bakwai daga cikinsu ku mayar da su sababbin haruffa: O biyu, sai D, G, I, W da Y ɗai-ɗai. Biyun da suka rage a ajiye su gefe. Idan ƙwayoyin na katako ne, a goge fuskar da sanfefa a rubuta sabon harafin da tawadar da ba ta gogewa. Kada ku manna takarda a kan bakwai ɗin nan kaɗai, domin yatsa zai gane su a cikin jaka, kuma daga nan rigima take farawa. Maki kuwa na haruffa shida ne suka canja: K 5, M 3, Q 10, W 4, X 8, Y 4. Ku rubuta su a takarda ku ajiye gefen allo, ba sai kun taɓa ƙwayoyin ba.

Abin da za ku fi jin rashinsa shi ne S. Huɗu ne kawai a wasan Ingilishi, alhali kusan kowane suna da aikatau yana karɓarsa a ƙeya. Kada a zubar da shi don ƙarin maki biyu ko uku.

Tambaya: Malam, ina karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Na san kalmomin Ingilishi da dama, amma abokina da bai kai ni iya harshen ba kullum shi ke cinye ni. Da waɗanne kalmomi zan fara?
Wani ɗalibi

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya san gajerun kalmomi ne, kai kuma kana neman dogaye. Ƙamus ɗin da ake hukunci da shi a gasar Ingilishi a Najeriya da sauran ƙasashen da ba Amurka ta Arewa ba shi ne Collins Scrabble Words, kamar yadda masu Faransanci suke da L'Officiel du Scrabble. A cikinsa akwai kalmomi masu harafi biyu sama da 120, kuma su ne farkon abin haddacewa, tun kafin komai. Dalili kuwa, da su ake kwantar da kalma a jikin wata kalma, layi kusa da layi, a ci makin harafi ɗaya sau biyu.

Ɗauki QI, wato ƙarfin rai a falsafar mutanen Sin. Idan Q ta sauka a gidan ninki uku na harafi, ga I a damanta ga wata I a ƙarƙashinta, 31 ne a kwance, 31 a tsaye, maki 62 da ƙwaya ɗaya tak. Haka X take yi da AX, EX, OX, XI da XU. XI harafin Girkanci ne, XU kuma ƙaramin kuɗin Biyetnam. Z tana da ZA, taƙaitaccen sunan fiza, da ZO, wata dabbar tsaunukan Tibet dangin saniya. J tana da JO, masoyi a bakin mutanen Sikotilan. Idan wasula suka cika maka hannu akwai AA, AE, AI, OE da OI. Ka riƙe kuma cewa V ba ta cikin kowace kalma mai harafi biyu, don haka inda aka sa ta wurin yakan toshe. Wannan makami ne ga wanda yake gaba da maki yana son rufe allo.

Bayan waɗannan sai kalmomin Q marasa U a bayanta. A nan ɗan Maraɗi yana da rabon da Bature ba shi da shi, domin da yawansu daga Larabci suka shiga Ingilishi, kuma mun daɗe da su a bakinmu. QADI alƙali ne, QIBLA alƙibla, NIQAB niƙabi, WAQF waƙafi, TALAQ saki, FAQIR faƙiri. Duk Collins ya yarda da su. Haka HAJJ, ZAKAT, IMAM, JINN, EMIR da HALAL. Ga kuma na gona da daji, waɗanda littafin makaranta bai cika kawowa ba: DOUM goruba, SHEA kaɗanya, NEEM dogon yaro, OKRA kuɓewa, KOLA goro, ZEBU saniya mai tozo. NAIRA da KOBO ma halal ne a allo. Irin waɗannan ba sa buƙatar hadda mai wahala, rubutunsu kawai za ka kiyaye.

Sai ka koma kan ɗafi, wato harafi ɗaya da ke mayar da kalma wata kalma. A goshi: LATE ta zama PLATE ko SLATE, HEAT ta zama WHEAT ko CHEAT, LAUGHTER dariya ta zama SLAUGHTER yanka. A ƙeya: PLAN ta zama PLANE, PLANT ko PLANK. Duk kalmar da ka koya, ka tambayi kanka me take karɓa gaba, me take karɓa baya. Ɗafin goshi ya fi yin amfani, domin abokin wasa yakan tsare ƙeyar kalma ya manta da gabanta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare, na kafa wa yara ƙungiyar Scrabble. Wasu sun fara haddace jerin kalmomi ba tare da sanin ma'anarsu ba, suna cewa doka ba ta tambayar ma'ana. In bar su?
Wata malama, Tibiri

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A dokance gaskiyarsu: alƙalin wasa yana duba ko kalmar tana cikin ƙamus ne kawai. Kuma akwai wanda ya kai ƙololuwa ta wannan hanya. A 2015 Nigel Richards ɗan ƙasar Niyu Zilan ya ci gasar duniya ta Scrabble na Faransanci a Beljiyam alhali ba ya jin Faransanci, ƙamus ɗin ya haddace. A shekarar ce kuma Wellington Jighere na Najeriya ya ci gasar duniya ta Ingilishi a birnin Perth na Ostareliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Amma kada ki bar su. Yaranki jarrabawar BEPC ke gabansu, kuma kalmar da ba a san ma'anarta ba ba ta shiga jimla. Ko a cikin wasan ma rashin sanin yana jawo asara, domin ma'ana ce take gaya wa yaro wane ɗafa-ƙeya kalmar za ta ɗauka. Suna yana ɗaukar S, aikatau yana ɗaukar S da ED da ING, sifa kuma ER da EST a mafi yawan gajerun. QI tana zama QIS, amma XU ba ta ɗaukar S, jam'inta XU ne. JO ma jam'inta JOES ne, JOS garin Filato ne kawai. Yaron da ya sa kalmar da babu ita, aka ƙalubalance shi, zai kwashe ƙwayoyinsa ya rasa zagayen gaba ɗaya.

Ki sa musu doka ta cikin ƙungiya: duk wanda ya sa kalmar da abokin wasa bai sani ba, bayan an gama a rubuta ta a kaye da ma'anarta da jimla ɗaya. Kalma biyar a rana ta isa. A sake duba su washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Ki kuma matsa musu a kan dokokin rubutu biyu da suke kayar da yara. Na farko ninka baƙi: HOP tana ba da HOPPED da HOPPING, HOPE kuma HOPED da HOPING. Na biyu Y a ƙarshe: idan baƙi ne a gabanta takan koma IES, CITY CITIES, idan wasali ne sai a ƙara S kawai, DAY DAYS.

Tambaya: Malam, Faransancin da muka yi tun firamare yana taimako ko yana cutarwa? Sau da yawa nakan rubuta kalma ina da tabbaci, sai a ce ba haka take ba.
Wata ɗaliba mai shirin BAC, unguwar Bagalam

Amsa: Ƴata, taimakonsa ya fi cutarwarsa yawa. Tun da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin Ingilishi, shi ya sa dubbai suke kama da juna. Ki koyi yadda ƙeyarsu take sauyawa, za ki samu kalmomi masu yawa a araha. Masu ƙarewa da TION yawanci ba sa canjawa. TÉ takan koma TY, kamar LIBERTY da QUALITY. IQUE ta koma IC, MUSIC da PANIC. EUX ta koma OUS, FAMOUS da SERIOUS. AIRE ta koma ARY, SALARY.

Inda kike faɗuwa shi ne harafi ɗaya da aka ƙara ko aka rage. ADDRESS D biyu ne babu E a ƙarshe. MARRIAGE R biyu, COTTON T biyu, TRAFFIC F biyu, BAGGAGE G biyu a tsakiya. Akasin haka APARTMENT da ENVELOPE P ɗaya, LITERATURE T ɗaya a farko. EXAMPLE da A ne, COMFORT da M. Ki ware musu shafi na daban, ki ja layi ƙarƙashin harafin da ya bambanta.

Sai waɗanda rubutunsu ɗaya ma'anarsu daban, kama da wane ba wane ba ne. A Scrabble ba su da illa, amma a wasan cike gidaje da jarrabawa suna ɓatar da mutum. PAIN ciwo ne ba burodi ba, COIN kwabo ba kusurwa ba, CHAIR kujera, SALE sayarwa, FOUR huɗu, MAIN babba ko muhimmi, CHAT hira. LIBRARY ɗakin karatu ne, ba a sayar da littafi a cikinsa.

Akwai kuma wanda daga Hausa yake zuwa: P da F, V da B. PAN da FAN, PILL da FILL, VAN da BAN kalmomi ne daban-daban. Ki riƙa koyonsu da ido a rubuce, kunne kaɗai ba zai raba miki su ba.

Tambaya: Malam, ka raba mu gardama. Abokina ya sa TURKEY, na ce sunan ƙasa ne ba a yarda ba.
Wani mai shago, babbar kasuwa

Amsa: Alhaji, abokinka ne da gaskiya. Sunan da dole sai da babban baƙi ake rubuta shi ne haramun, kamar MARADI ko HAUSA. TURKEY kuma talotalo ne. Haka CHINA tangaran, GUINEA tsohon kuɗin zinariya na Ingila, MOROCCO kuma jemammiyar fatar akuya mai laushi, irin wadda fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna da ita. OK ma Collins ya karɓe ta tun 2019. Ku amince da ƙamus ɗaya kafin a zari ƙwayar farko.

Tambaya: Malam, a Wordle nakan samu haruffa huɗu kore amma damata ta ƙare ban gano kalmar ba. Kuma wani lokaci harafi ɗaya yakan fito rawaya a wani gida, toka-toka a wani. Waya ce ta lalace?
Wani ma'aikacin lafiya, Madarumfa

Amsa: Wayarka lafiya lau take. Wasan, wanda Josh Wardle ya fitar a 2021 jaridar New York Times ta saye a farkon 2022, kalma ce mai harafi biyar da dama shida. Kore na nufin harafin yana gidansa, rawaya yana cikin kalmar amma ba a nan ba, toka-toka babu shi. Idan ka maimaita harafi, wasan yana haska shi ne daidai yawan da yake a cikin amsar. A ce amsar PLANT ce ka rubuta APPLE: P ta farko za ta yi rawaya, ta biyu toka-toka. Labari ne mai amfani ya ba ka, cewa P ɗaya ce rak.

Huɗu kore kuwa tarko ne sananne. Ka samu IGHT a ƙarshe, saura harafin farko, ga LIGHT, MIGHT, NIGHT, RIGHT, SIGHT, FIGHT, TIGHT da EIGHT, dama uku ta rage maka. Idan ka bi su ɗai-ɗai caca kake yi. Ka sadaukar da dama ɗaya a kan kalmar da ta tara haruffan da ake zargi. FILMS za ta gwada maka F, L, M da S a lokaci guda. In babu wanda ya haska, NERVE za ta gwada N, E da R. In ita ma shiru, a jerin nan TIGHT ce ta rage. Wannan dabara ba ta yiwuwa idan ka kunna tsarin wasa mai tsauri, wanda yake tilasta maimaita haruffan da aka riga aka gano.

Kalmar buɗewa ta zama mai haruffa biyar daban-daban daga cikin waɗanda suka fi yawo: E, A, R, O, T, L, I, S, N. Masu Faransanci suna son ADIEU saboda wasula huɗu, amma mun fi son SLATE, CRANE ko STARE, domin baƙaƙe ne suke rage yawan kalmomin da ake zato. Ka tuna kuma rubutun Amurka wasan yake bi. COLOR, FAVOR, HONOR da LABOR harafi biyar ne a can, a rubutun Ingila da aka koya maka shida ne da U. FIBER da METER ma ER ne a ƙarshe.

Tambaya: Malam, ina son wasan cike gidaje, wanda muke kira mo kurwaze, na iya na Faransanci. Na Ingilishi kuwa ko na san duk kalmomin tambayar ba na gane me ake nufi.
Wani tsohon malamin makaranta, Tasawa

Amsa: Baba, da alama iri biyu kake haɗawa. Wasan ya fara fitowa a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913, Arthur Wynne ne ya tsara shi, daga baya ya rabu gida biyu. Na Amurka tambayarsa yawanci ma'ana ce kai tsaye, kuma kowane harafi yana cikin kalma biyu, ta kwance da ta tsaye, don haka wadda ka sani tana buɗe maka wadda ba ka sani ba. Da shi ya kamata a fara. Dokarsa ita ce amsa tana bin siffar tambaya. Idan tambayar jam'i ce amsar jam'i ce, sai ka sa S da fensir a gidan ƙarshe tun kafin ka gano ta, ko da yake SHEEP da MICE suna karya wannan. Idan shuɗaɗɗen lokaci ne amsar ma haka: Ran away amsarta FLED ce, ba FLEE ba. Idan an taƙaita kalma a tambaya, amsar ma taƙaitacciya ce. Akwai kuma ƴan kalmomi masu yawan wasula da masu tsarawa suke cike gurbi da su kullum: ERA zamani, ORE ɗanyen ma'adini, EWE tunkiya, ALOE, AREA, da EPEE da ETUI da ka riga ka sani daga Faransanci.

Na Ingila mai sarƙaƙiya shi ne yake ruɗa ka. A cikinsa kowace tambaya kashi biyu ce: ma'anar amsar a farko ko a ƙarshe, sauran kuma umarni ne na yadda za a ƙera ta. Dubi wannan mai harafi huɗu: Big cat found in Mali once. Ma'anar ita ce babbar dabba dangin kyanwa, found in kuma yana cewa a duba cikin haruffan da ke biye. Ƙarshen Mali da farkon once sun ba da LION. Kalmomi irin su mixed, broken, confused ko out suna nufin a birkita haruffan kalmar da ke kusa, LISTEN ta zama SILENT. Capital of Niger yana iya zama Yamai, yana iya zama harafin N kawai. Flower ma wani lokaci kogi ake nufi, abin da ke gudana. Ka fara da neman wace kalma ce umarnin, kada ka karanta tambayar kamar jimlar labari.

Tambaya: Yaya ake samun kalma mai harafi bakwai? Ban taɓa cin ƙarin maki 50 ɗin nan da ake ba wanda ya sa ƙwayoyinsa bakwai duka a zagaye ɗaya ba.
Wani ɗan acaba, unguwar Sabon Gari

Amsa: Ba jiranta ake yi ba, tara ta ake yi. Duk zagaye ka zubar da haruffa masu nauyi da waɗanda suka maimaitu, ka riƙe irin su A, E, I, N, R, S, T, wasula kada su wuce uku a hannu. Farar ƙwaya, wato joka mai tsayawa a madadin kowane harafi, a adana ta don wannan aiki. Idan hannun ya lalace gaba ɗaya, canja ƙwayoyi ya fi sa kalmar maki takwas, kuma doka ta yarda muddin akwai aƙalla bakwai a jaka.

Sannan ka haddace saiwa ɗaya mai harafi shida. TISANE ta fi dacewa da mu tunda mun san ta, kuma kusan kowane harafi ka ƙara mata tana ba da kalma. Da D, INSTEAD ko STAINED. Da G, SEATING ko TEASING. Da R, RETAINS ko NASTIER. Da L, SALIENT. Da M, INMATES. Da V, NATIVES. Da K, INTAKES. Da U, AUNTIES. Da Z, ZANIEST. Da H, SHEITAN. Yanka kwali ƙanana, a fuska ɗaya ka jera haruffan bi da bi yadda suke a abacada, misali AEINRST, a bayansa ka rubuta kalmomin da ma'anarsu. A lokacin wasa ma ka riƙa ware ING, ED, ER ko EST a dama, RE, UN ko OUT a hagu, ka juya sauran ukun ko huɗun da suka rage a tsakiya. Kafin ka ɗauki ƙwayoyin ka tabbata akwai inda kalmar za ta zauna a allo, domin idan ka fara jerawa ka fasa, abokin wasa ya riga ya ga abin da ke hannunka.